Tafiya da Kwale-kwale a Hanyoyin Ruwa na Fadamar Haɗeja da Nguru

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da yake koyon Hausa a birnin Sabha, ko a wani gari na yankin Fezzan a kudancin Libiya, ba ya shan wahala wajen fahimtar kalmomi irin su ayari da madugu da zango, domin abubuwa ne da tarihin ƙasarsa ya san su. Shekaru aru-aru fataken Kano da Katsina da Borno suna ratsa Gat da Murzuk a kan hanyarsu ta zuwa Tarabulus. Amma idan ya ci karo da kalmomi kamar fito da filafili da kwale-kwale a cikin littafi, sai ya tsaya, saboda babu kogi mai gudu a Fezzan, balle jirgin da zai bi shi. Wani jirgin ruwa da aka san ya ratsa wannan yanki ma a kan raƙuma ya wuce. A shekarar 1850 ne Turawan nan uku, Richardson da Barth da Overweg, suka ɗauko wani jirgi da aka ƙera a tsibirin Malta, an rarraba shi kashi-kashi, suka bi da shi ta Murzuk. Sai a 1851 Overweg ya sa shi a ruwa a Tafkin Cadi.

Wannan takarda za ta yi bayani a kan yadda ake tafiya da siririn jirgi a ƙananan hanyoyin ruwa na karkara a ƙasar Hausa. An ɗauki fadamar Haɗeja da Nguru a matsayin misali. Za a kawo kalmomin da suka shafi wannan tafiya, da yadda ake yin ta, da abin da yake toshe hanyoyin a yau. Daga nan za a kwatanta su da haƙaƙƙun hanyoyin ruwa na Ingila da kuma tsofaffin magudanai na Fezzan. Abin da ake son ɗalibi ya lura da shi shi ne, ƙaramar hanyar ruwa tana zama hanya ne muddin akwai masu share ta. Ranar da aka daina, jirgi ya daina wucewa.

2.0 Fadamar da Hanyoyinta

Kogin Haɗeja ya samu ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Calawa, kafin a kai garin Wudil. Shi kuwa Kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake gangarowa, ya ratsa Jihar Bauci. Idan kogunan nan biyu suka iso gabas da garin Haɗeja, sai su tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai ɗauke da tsofaffin tuddan rairayi a jere, waɗanda iska ta tara tun zamanin da hamada ta taɓa kaiwa wurin. Ruwan ba ya samun hanya ɗaya miƙaƙƙiya, saboda haka sai ya rarrabu, yana bi ta tsakanin tuddan. Daga cikin rassan da aka fi sani akwai Marma, wadda take zuba a Tafkin Nguru, da Burum Gana, da Kogin Kafin Hausa, da kuma tsohon Kogin Haɗeja. A wajen garin Gashuwa ne ruwan da ya saura yake sake haɗuwa ya zama Kogin Yobe, wanda yake raba Nijeriya da Nijar a wani ɓangare na tafiyarsa kafin ya faɗa Tafkin Cadi.

Mafi yawan fadamar tana tsakanin jihohin Jigawa da Yobe ne. Hausawa da Badawa da Barebari da Fulani suna zaune a cikinta, suna noman shinkafa da barkono, suna su, suna kiwo. A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da hanyar Marma, masu faɗin hekta 58,100, a cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya shiga wannan jeri. Ɗaya daga cikin dalilan haka shi ne tarin tsuntsayen da suke ratso Sahara daga Turai suna yin lokacin sanyi a wurin.

Ruwan fadama yana tafiya ne da lokaci. Idan damina ta yi nisa, daga watan Agusta zuwa Oktoba, koguna kan cika su malala, har wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Guri da Kirikasamma su koma kamar tsibirai. A wannan lokaci hanyar ƙafa da ta babur sukan yanke. Mai zuwa kasuwa da mai zuwa gona da mai kai mara lafiya asibiti duk jirgi suke nema. Ban da rassan kogi na asali, manoma kan haƙa 'yan ƙananan hanyoyi don jawo ruwa zuwa gonakinsu, kuma masu jirgi sukan bi waɗannan ma idan ruwa ya kai.

3.0 Jirgi da Kayan Aikinsa

Kalmar jirgi a asali abin hawa na ruwa take nufi, jam'inta kuwa jirage. Da Turawa suka kawo wasu ababen hawa sai Hausawa suka faɗaɗa ma'anarta, aka sami jirgin ƙasa da jirgin sama. Wannan ne ya sa a yau ake ƙara kalmar ruwa, a ce jirgin ruwa, domin a bambanta. Ana kuma jin kalmar a cikin salon magana. Idan aka ce jirgi ɗaya ne ya kwaso su, ana nufin halinsu ɗaya ko matsalarsu ɗaya.

Kwale-kwale shi ne ƙaramin jirgi, siriri kuma dogo. A da masassaƙa ne suke fafe shi da gizago daga gungumen itace guda, kamar maɗaci ko kawo. Da manyan itatuwa suka yi ƙaranci sai aka koma haɗa shi da katako da ƙusa, a toshe kafofin da tsumma da kwalta. Sirantarsa ita ce amfaninsa a fadama, domin yana iya shiga hanyar da faɗinta bai wuce taku biyu ko uku ba, kuma ba ya bukatar ruwa mai zurfi.

Abubuwa biyu ake tuƙa shi da su. Na farko shi ne filafili, wato katako mai faɗin baki da ake jan ruwa da shi a inda yake da zurfi. Na biyu kuwa gora, doguwar sandar da matuƙi yake kafawa a ƙasan ruwa ya tura jirgin gaba. A nan akwai abin lura ga mai koyon harshe, domin a rubuce kalmomi biyu ne suke da wannan siffa. Gora ta sanda tamace ce, ana cewa gorar matuƙi. Gora na duma kuwa namiji ne, jam'insa goruna, kuma shi ne masunta suke kifawa a ruwa su hau kansa da ciki suna jefa koma. Ke nan gorar masunci daban take da goran masunci.

Fito shi ne ƙetarar da mutane ko kaya daga wannan gaɓa zuwa waccan, kuma abin da ake biya shi ne kuɗin fito. Wurin da jirage suke tsayawa a ɗauki mutane ana ce masa bakin ruwa ko mashigi. A garuruwa da yawa akwai Sarkin Ruwa, wanda shi ne shugaban masunta da masu jirgi, kuma wurinsa ake kai ƙara idan rigima ta tashi a kan ruwa.

4.0 Yadda Ake Tafiyar

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin a ɗauki kowa, matuƙi yakan duba jirginsa, ya kwashe ruwan da ya kwana a ciki, ya ga ko akwai inda yake yoyo. Sa'annan a yi lodi. Kaya masu nauyi, kamar buhunan shinkafa ko babur, a tsakiya ake ajiye su, a kwance, domin idan nauyi ya yi sama ko ya koma gefe ɗaya jirgin zai riƙa tangaɗi. Fasinjoji suna zama ne a ƙasa ko a kan katakan da aka gitta, kuma ba a son kowa ya miƙe tsaye idan an tashi. Akan ajiye ƙwarya ko roba kusa da wani daga cikinsu domin ya riƙa kwashe ruwan da yake shigowa.

Matuƙi a baya yake tsayawa. Yakan kafa gora, ya dafa ta da ƙarfi har ta kusa ƙarewa a hannunsa, ya zare ta, ya sake kafawa. Da ita kuma yake jin yanayin ƙasan ruwa: ko rairayi ne, ko taɓo ne mai riƙe gora, ko an zo gurbi mai zurfi inda dole a ɗauki filafili. Saurin tafiyar bai cika wuce na mai tafiya a ƙasa ba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.

Babban ilimin matuƙi shi ne sanin hanya. A cikin fadama babu alamar da aka kafa, kuma ciyawa takan fi mutum tsawo, ta yadda wanda yake cikin jirgi ba ya hango komai sai sama. Hanyoyi sukan rabu biyu ko uku, wata ta kai gari, wata ta ƙare a gonar shinkafa. Matuƙi yana gane hanya ne da wata giginya ko tsamiya da ya sani, da kuma inda ruwa ya nufa. Idan jirage biyu suka haɗu a ƙuntataccen wuri, dole ɗaya ya raɓe cikin ciyawa ɗayan ya wuce. A nan ne akan ji gaisuwar damina. Wannan ya ce, “Sannunku da aiki, yaya ruwa?” Wancan ya amsa, “Ruwa ya yi gyara.” Idan za a rabu sai a ce, “A sauka lafiya.”

Addu'ar nan tana da dalili, domin tafiyar ruwa tana da hatsari. Abubuwan da suka fi kifar da jirgi su ne lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da iskar hadari, da kututturen da ruwa ya rufe. A ranar 30 ga Nuwamba 2021, a madatsar ruwa ta Watari da take Bagwai a Jihar Kano, wani jirgi da ya ɗauki mutane fiye da ƙarfinsa ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1997 kuma take da hedikwata a Lakwaja, ta sha jan kunnen masu jirgi a kan lodi da tafiyar dare da sanya rigar kariya. Sai dai a ƙauyuka da yawa hankalin matuƙi da haƙurin fasinja su ne kariyar da ake da ita.

5.0 Kacala da Toshewar Hanyoyi

Kacala wata doguwar ciyawa ce ta ruwa, mai kai kamar zangarniyar gero, wadda takan kai tsawon mita biyu zuwa uku. Tana son ruwa mara zurfi wanda ba ya ƙafewa. A da ba ta samun irin wannan wuri da yawa a fadamar Haɗeja, saboda da rani kogi yakan ƙafe, da damina kuma ya zo da ƙarfi ya wanke hanyarsa.

Al'amarin ya sauya bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992. Madatsun nan sun yi amfani, domin daga gare su ake noman rani a Kadawa da Kura, kuma daga gare su birnin Kano yake samun ruwan sha. Amma sun sauya halin kogin. Babban ruwan damina mai wanke hanya ya ragu, sa'annan ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan har da rani. Rairayi da taɓo suka riƙa taruwa a cikin hanyoyi, kacala ta kafu a kansu, saiwarta kuma ta ƙara riƙe wani taɓon. Da haka rassa irin su Burum Gana da tsohon Kogin Haɗeja suka toshe a wurare da dama, mafi yawan ruwan ya karkata zuwa Marma da Tafkin Nguru.

Sakamakon haka ya zo ta fuska biyu. Ƙauyukan da ruwan ya koma wajensu sun rasa gonaki, saboda ruwa ya zauna a kansu shekara da shekaru. Waɗanda suke can ƙasa, wajen Gashuwa, su kuma ruwan da suka saba noma da shi ya ragu. Ga mai jirgi kuwa, hanyar da ya saba bi kai tsaye ta rufe, sai ya yi zagaye ko ya sauke mutane nesa da gari. Jirgi mai inji ma bai tsira ba, domin ciyawa tana naɗe farfelarsa. Bugu da ƙari, tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero a cikin kacala suke kwana, kuma sauro da dodon koɗi mai yaɗa tsargiya suna samun mafaka a cikinta.

Maganin da aka sani shi ne yanka da yasa. Mutanen ƙauyuka sukan yi gayya, su shiga ruwa da lauje da adda. Dabarar ita ce a yanke ciyawar a ƙarƙashin ruwa, domin idan ruwa ya rufe kututturenta ba ta samun iska, sai ta ruɓe. Aiki ne mai wuya, kuma ƙauye ɗaya ba zai iya shi ba, tun da idan wannan ya share nasa ɓangaren, na gaba bai share ba, hanyar tana nan a toshe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan ne ya sa a 2006 jihohi shida da suke raba wannan ruwa, wato Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Borno da Filato, suka kafa asusu na haɗin gwiwa tare da gwamnatin tarayya domin kula da kogunan. An kuma shigo da injinan yasa masu aiki a cikin ruwa. Duk da haka, inda aka share aka bari, kacala takan dawo.

6.0 Siririn Jirgin Ingila

A Ingila ma akwai siririn jirgi da yake bin ƙananan hanyoyin ruwa na karkara, sai dai su hanyoyin can galibinsu haƙa su aka yi. Wadda ta buɗe wannan zamani ita ce hanyar Bridgewater, da aka buɗe a 1761 domin kai kwal birnin Mancesta. Injiniya James Brindley, wanda ya yi aiki a kanta, shi ne ya tsara wasu da dama bayanta. Akan haƙa hanyar ne a shafe cikinta da kwaɓaɓɓen yumɓu don kada ruwa ya tsiyaye, a bar turba a gefe inda doki zai bi yana jan jirgi da igiya. Doki ɗaya yana iya jan kaya kimanin tan 25 a kan ruwa, abin da ba zai taɓa iyawa ba a kan tudu.

Da yake ƙasar tana da hawa da gangara, sai aka gina matakalar ruwa. Wannan wani ɗaki ne na bulo a tsakiyar hanya, mai ƙofa a gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya, a buɗe wata 'yar kafa ruwan sama ya kwararo, jirgin ya riƙa tashi har ya yi daidai da ruwan gaba, sa'annan a buɗe masa ya wuce. Faɗin da yawa daga cikin waɗannan ɗakuna ƙafa 7 ne, wato mita biyu da 'yan kai, shi ya sa dole jirgin ya zama siriri, ko da yake tsawonsa yakan kai ƙafa 70. A Tardebigge akwai irin waɗannan matakalai 30 a jere.

Daga 1830 jirgin ƙasa ya fara ƙwace kayan da ake ɗauka ta ruwa. Ciniki ya ja baya, aka yi watsi da hanyoyi da yawa, taɓo da ciyawa suka cike su, ƙofofin matakalai suka ruɓe. A 1946 wasu masu kishin hanyoyin suka kafa ƙungiya don ceto su, 'yan sa-kai suka riƙa shiga da shebur suna yashewa. Da irin wannan aiki aka sake buɗe hanyar Stratford a 1964. Tun 2012 wata gidauniya mai suna Canal & River Trust ce take kula da kimanin mil 2,000 na hanyoyin ruwa a Ingila da Wales. A yau galibin masu bin su 'yan yawon shaƙatawa ne da waɗanda suka mayar da jirgin gidan zama, kuma doka ba ta yarda a wuce mil 4 a sa'a ba a mafi yawansu. Bambancin a fili yake: abin da yake hutu a Ingila, a Guri hanyar kasuwa ce da ta asibiti. Amma ciwon da ya kama hanyoyin iri ɗaya ne, maganin ma haka.

7.0 Magudanan Fezzan

Ɗalibin Sabha yana da nasa misalin kusa da gida. Kimanin kilomita 150 yamma da birnin, a kwarin Wadi al-Ajal, akwai kangon Jarma, babban birnin mutanen da Girkawa da Rumawa suka kira Garamantes. Mutanen nan sun haƙa ɗaruruwan magudanai a ƙarƙashin ƙasa, waɗanda ake kira fuggara. Kowace fuggara rami ce mai 'yar gangara, da take jawo ruwa daga gindin tsauni zuwa gonaki, kuma a kanta akwai rijiyoyi a jere ta inda ake shiga a fitar da ƙasa. Jirgi bai taɓa bin su ba, domin don ban-ruwa aka yi su. Amma su ma sai da yasa a kai a kai suke gudu, tun da rairayi yana zubowa, gefen rami kuma yana ruftawa. Masu binciken kayan tarihi suna danganta mutuwarsu da ja da bayan ruwan ƙarƙashin ƙasa da kuma raguwar masu aikin gyara. Har yanzu ana ganin bakunan rijiyoyin a jere a gindin tsaunin.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta kawo bayani a kan tafiya da kwale-kwale a fadamar Haɗeja da Nguru, tare da kalmomin da suka shafe ta, kamar fito da filafili da gora da mashigi. An ga cewa sirantar jirgi ta biyo ƙuncin hanya ne, a ƙasar Hausa da Ingila baki ɗaya. An kuma ga yadda madatsun Tiga da Calawa suka sauya gudun kogi har kacala ta sami wurin zama. A Fezzan magudanan sun mutu, a Ingila an farfaɗo da su bayan sun kusa ɓacewa. Na fadamar Haɗeja kuwa suna tsakani: wasu a buɗe, wasu a toshe, kuma makomarsu ta dogara ne a kan yadda ake sakin ruwa daga madatsu da yadda ƙauyuka da gwamnatoci suke haɗa hannu wajen yasa kowace shekara.